Daga Funtuwa zuwa Bangon Alhaji Mudi

Litinin: Funtuwa zuwa Tsafe

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka fita daga gida, ni da Baba. Inna ta rako mu bakin ƙofa riƙe da fitilar ƙwai, ta cusa mini ƙullin dambun nama a jaka, ta ce in gaishe da Gwaggo, kuma in riƙa ɗaga murya idan an yi mini magana. Na biyun nan shi ne mai wuya. Duk wadda muke aji uku tare ta san ni, Rabi ta kujerar baya, wadda ba a jin muryarta sai lokacin kiran suna.

Wasiƙa ce ta jawo tafiyar. Gwaggo Indo, yayar Baba da ke aure a Bunguɗu, ta aiko cewa mijinta Alhaji Mudi zai yi wa gaban zaurensa sabon yaɓe kafin ruwa ya sauka. Magininsu ya tsufa, hannunsa na rawa, ba ya iya zanen da ake yi a saman ƙofa. Ta ji an ce 'yar ƙaninta tana zane a makaranta, don haka a zo mata da ita. Baba ya amsa tun kafin ya tambaye ni. Ni kuwa ban taɓa zana komai ba sai a takarda, da fensir, da abin gogewa a gefe, kuma ba a gaban kowa ba. Ya ce kada in damu, za mu bi a hankali, mu tsaya Tsafe da Gusau in ga yadda masu abin suke yi.

A tasha muka sami babbar mota mai bodin katako tana lodin Tsafe, sule shida kowane mutum. Shekara biyu ke nan da canjin kuɗi, amma a tasha har yanzu ba mai cewa kwabo sittin. Kafin mu hau na zagaya bayanta. An zana zaki a kan katakon, gashinsa rawaya, fuskarsa kamar ta mutumin da aka yi wa albishir. Direban ya same ni ina kallo.

"'Yar makaranta, ya ba ki tsoro?"

Na girgiza kai.

"To ai shi ke nan, ni ma bai taɓa ba ni ba. Na ce a yi mini mai fushi, aka yi mini mai fara'a. Fasinja ma sun fi son shi haka."

Mun tashi shida da kwata. Ni da Baba aka ba mu gaba. A 'Yankara, inda ƙasar jiharmu ta ƙare, 'yan sanda sun tare hanya da durom biyu da gora. Ɗaya ya duba takardun direba, ya leƙa baya ya ƙirga buhuna, ya ɗage gorar. Ƙarfe tara saura kwata muka shiga Tsafe, tafiyar wajen mil arba'in.

Mun sauka gidan Malam Bawa, abokin karatun Baba, wanda yanzu hedimasta ne. Matarsa ta kawo mana hoce da daƙaƙƙen ƙuli. Hoce wata waina ce ta dawa da ake gasawa, mai ɗan tsami, ban taɓa ci ba sai ranar. Na ci biyu, na ji kunyar ɗaukar na uku, ita kuwa ta lura ta tura mini kwanon ba tare da ta kalle ni ba.

Da rana ta yi sanyi Malam Bawa ya zagaya da mu cikin tsohon gari. Mu a Funtuwa gidan gwamnati muke zaune, bangon siminti fari fat, don haka ban san mutane na yi wa fuskar gidansu ado har haka ba. Zanen da laka ake yin sa, ya taso daga jikin bangon kamar jijiya a bayan hannu. Na ga dagi iri uku. Na ga takobi biyu a gicciye, da buta, da keke wanda aka manta ba a yi masa sarƙa ba. A wani zaure akwai agogo babba da ya tsaya kan ƙarfe huɗu. Wani dattijo da ke zaune a ƙasansa ya ga ina kwafa a littafina, ya ce, "Wanga agogo bai taɓa latti ba, ɗiyata. Kullum in la'asar ta yi, daidai shike." Baba ya yi ta dariya. Nan na fara jin maganar Zamfara sosai: 'ya ta zama ɗiya, me ya zama mi, tafi ya zama tahi, ne ya zama na.

Talata: Tsafe zuwa Gusau

Bakwai da rabi muka shiga ƙaramar bas, sule huɗu. Ba mu yi nisa ba muka wuce 'Yandoto, inda wasu mata Fulani uku suka hau da ƙoren nono, suka ɗora a cinya suna tare murfin faifai da haɓa duk lokacin da muka faɗa rami. Can gaba dutsen Kwatarkwashi ya taso mana ta gefe, ƙato, baƙi, da farin zane-zane a jikinsa daga sama zuwa ƙasa. Baba ya ce kashin tsuntsaye ne. Na leƙa taga na ga mikiya tana shawagi a samansa, ta buɗe fukafukai ba ta kaɗa su, ƙarshensu a rarrabe kamar yatsu. Na bi ta da ido har wuyana ya ƙage. Tara da minti goma muka isa Gusau, mil talatin daga Tsafe.

Masaukinmu a Tudun Wada ne, gidan wani ɗan'uwan Inna mai aiki a tashar jirgin ƙasa. Muka ajiye kaya, muka sha fura, muka fita.

Gusau gari ne da kusan kowane mai sana'a yake da allonsa a bakin titi. A Sabon Gari na tsaya gaban shagon wani mai aski, inda aka zana kawuna shida a jere, duk suna kallon hagu, kowanne da irin askinsa da lamba a ƙasa. Kunnen na huɗu ya sauko kusan wuya. Gaba kaɗan tela ya sa an zana masa almakashi mai girman mutum. Mai gyaran rediyo kuma nasa rediyon har da walƙiya tana fita daga ciki. Akwai wata mai abinci da aka zana mata kifi a faranti yana lumshe ido. Nan muka ci shinkafa da miya, sule ɗaya da rabi kwano, kuma babu kifi.

Bayan azahar muka je bayan tashar mota, wurin masu fenti. Motoci uku ne a jere ƙarƙashin itatuwan dalbejiya, ƙasa duk gwangwanayen madara da aka haɗa launi a ciki, ko'ina warin kananzir. Maigidan wurin ana ce masa Malam Audu Mai-Buroshi, gajere ne, farcensa kowanne da nasa launin. Yana kan benci yana zana mikiya a bayan wata sabuwar mota, fukafukanta daga wannan gefen katako zuwa wancan. Ba fensir, ba alli. Ya tsoma buroshi ya ja layi ɗaya, ya sauko, ya yi tafiyarsa har gindin wani itace can nesa, ya juyo ya kalla, ya dawo. Na ƙirga, sau tara ya yi haka muna tsaye.

Baba ya gaishe shi, ya faɗa masa abin da ke tafe da mu, sannan ya ce in ba shi littafina. Na ji kamar an ce in tuɓe ɗankwali a kasuwa. Na miƙa da hannu biyu.

Malam Audu bai duba shi a hannu ba. Ya buɗe shafin da na fi so, inda na zana kazar Inna da 'yan tsakinta bakwai, ya jingina shi a bayan motar, ya ce in biyo shi. Muka je gindin itacen nan.

"To, malama, mi kika gani?"

"Takarda," na ce.

"Ni ma ita nag gani. Hannunki na da kyau, na lura tun ina buɗewa. Amma ke kina yi ma wanda ka zaune ne. Mu muna yi ma wanda ka wucewa. Mai bin motag ga a baya, yana gudu, rana na dukan idonai, ina ruwanshi da gashin kaza? Ki ba shi abu guda babba, shi tahi da shi gida."

Ya ba ni buroshi ya ce in cika masa shuɗin sama a ƙarƙashin fiffiken hagu. Na riƙe shi kamar fensir. Ya ce, "Ba da yatsu ba, da kafaɗa." Na cika wurin, fenti ya gangaro mini har gwiwar hannu. Idan kun ga wata mota a hanyar Sakkwato mai mikiya a baya, shuɗin gefen hagu nawa ne.

Tun daga nan na yanke abin da zan zana a Bunguɗu. Ban gaya wa kowa ba, don ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ba na fara magana.

Laraba: Gusau zuwa Bunguɗu

Ƙarfe takwas muka shiga a-kori-kura, sule biyu. Muka wuce Furfuri, inda manoma ke ta sharar gona suna ƙona kara. Mil goma sha uku ne kawai, tara saura minti ashirin muna ƙofar gidan Alhaji Mudi.

Gwaggo Indo ta rungume ni, ta ture ni baya ta kalle ni, ta sake rungumewa. "Wannan ce mai zanen? Ai ko tsani ya fi ta nauyi!" Ta yi mana tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa. Alhaji Mudi dogo ne mai son raha, falken hatsi ne, bara waccan ya sauke farali.

Da yamma aka kai ni wurin maginin, Baba Nomau. Yana zaune kusa da wani rami da aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake tsima shi a kwaɓa laka da ruwansa don kada ruwan sama ya ci bango. Ya ce kwana shida ke nan tana jiƙe, kuma ita ke nan, ba wata. Ya kama hannuna ya juya shi, nasa na karkarwa.

"Ɗiyata, laka ba takarda ba ce. Da hantsi za mu yaɓa. Inuwa na kan bangon ga har wajen sha ɗaya. In rana ta hau shi, ya kama, abin da ad a kai shi za a gani shekara da shekaru. In an kankare kuma tabon ba shi ɓacewa."

"Me ake so in zana, Baba?" Wannan ce tambayar da na yi, a hankali ƙwarai.

Bai ji ba. Alhaji da ke gefe ya ji, ya ce, "Abin da ranki ya so, in dai ya yi kyau." Ya ɗauka na san sauran.

Alhamis: Bango

Ƙarfe bakwai aka fara yaɓe, takwas da rabi an gama. Gwaggo ta ba ni tsohon wandon Alhaji na sa a ƙarƙashin zane, na ɗaure gyale a ƙugu, na hau tsani. Alhaji ya ja Baba sun tafi gaida hakimi. Baba Nomau ya zauna a ƙasa yana mulmula mini laka dogo-dogo kamar igiya yana miƙo mini. Sai daga baya na gane ba hannunsa kaɗai ya tsufa ba, har da ido.

Na fara da yatsa ɗaya, na ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, da kafaɗa. Lakar tana da sanyi da santsi, tana ƙamshin ɗorawa. Na liƙa igiyar laka a kan layin, na danne, na gyara gefe da babban yatsa. Sau biyu na sauko na tsallaka titi na kalla. Mutane sun fara tsayawa. Na ji su a bayana, amma abin mamaki, da yake bango nake fuskanta ban ji kunyar da na zata ba. Ƙarfe goma na gama fukafukai da jiki da ƙafafu da wutsiya, na yi kai, na lanƙwasa baki, na sa ido.

Sai wata tsohuwa mai tallan daddawa ta ce da ƙarfi, "La ilaha illallahu! Tsuntsu na!"

Baba Nomau ya miƙe da ƙyar, ya ja baya, ya ƙanƙance ido. "Ni na aza wani sabon dagi na na 'yan boko," ya ce.

Daidai nan su Alhaji suka dawo. Ya tsaya tsakiyar titi ya daɗe yana kallo. Baba kuwa ƙasa yake kallo.

"Ɗiyata," in ji Alhaji, ba da faɗa ba, "ta yi kyau, wallahi ta yi kyau. Amma ta ina mala'iku za su shigo mini gida? Abu mai rai a mota aka yin shi, mota ba a kwana cikinta, ba a salla cikinta. Ba a sa shi ga ƙofar gida."

Na san wannan magana, an taɓa faɗa mana a darasin addini. Kwana biyu ina kallon zaki da kifi da mikiya, sai ta fita daga kaina. Kuma duk gidajen da na kwafa a Tsafe da hannuna, takobi ne da buta da agogo da keke, babu ko ƙadangare. Na ga kowanne, ban ga abin da babu ba.

"Laifina ne, Alhaji," in ji Baba. "Ni ya kamata in gaya mata."

"A kankare," wani ya ce daga cikin mutane.

Baba Nomau ya taɓa bangon da bayan hannu, ya ɗaga kai ya dubi inuwa. Ta janye har ta kusa saman ƙofa. "In an kankare, gaban gidan ga ya zama kamar kan mai ƙora har baɗi. Makuba ta ƙare. Abin da za a yi a yi shi yanzu."

Ina nan kan tsani. Na kalli abin da na yi: fukafukai biyu a buɗe, dogon jiki, wutsiya. Na juyo, karo na farko na fuskanci mutanen, sun kai ashirin.

"Alhaji, da me ka je Makka?"

"Mi ta ce?"

Na tuna Inna. Na ɗaga murya har ni kaina na tsorata. "Na ce da me ka je Makka?"

"Da jirgi mana. Daga Kano."

Na juya na cire bakin, na murje idon, na mulmule kan ya zama zagaye. Na yanke ƙafafun da gefen hannu na shafe wurin da ruwa. Yatsun fukafukai na bi su ɗaya bayan ɗaya na haɗe, na miƙar da gefen. Lakar ta fara tauri, sai na tsoma hannu a ƙwarya kafin ta bi. Baba Nomau ya gane tun kafin kowa, ya fara miƙo mini dunƙule gajeru yana cewa, "Inji, inji, sa mishi inji!" Na sa biyu a kowane fiffike. Na ɗaga wutsiya tsaye. Sannan na bi jikin da babban yatsa ina dannawa, taga, taga, taga, har goma sha ɗaya. Ina danna ta ƙarshe rana ta taɓa mini wuyan hannu.

Na sauko. Alhaji ya matso, ya ɗaga sandarsa yana ƙirga tagogin daga gaba.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Nan niz zauna! Bayan fiffike kaɗan. Ke wa ya gaya miki?"

Aka fashe da dariya. Tsohuwa mai daddawa ta ce ita dai har yanzu tana ganin jirgin kamar zai sauko ya ɗauki ɗan tsako. Baba Nomau ya ce ta yi shiru, ita da ko tashar Gusau ba ta taɓa zuwa ba. Gaskiyarta ne dai, ƙirjinsa ya fi na jirgi fitowa, kuma fiffiken dama ya ɗan lanƙwasa. Alhaji ya sa na sake hawa na yi wa taga ta shida ɗan zagaye da tsinke kafin ta kama.

Gwaggo ba ta fita waje da rana, don haka sai bayan la'asar, da titi ya yi sauƙi, ta yafa mayafi ta tsallaka ta kalla. Ta dawo ta ce, "Shekara biyu yana ba mu labarin jirgin nan, yanzu kin ba shi abin nunawa da sanda. Mun shiga uku." Ta yanka mini zakara.

Juma'a da Asabar: Komawa

Juma'a muka huta. Daga cikin gida ina jin Alhaji a waje bayan an sauko masallaci yana cewa, "A'a, ƙirga daga gaba." Na ji haka sau biyar kafin la'asar. Baba Nomau ya aiko mini da ƙwai shida a ƙoƙo, da saƙon cewa akwai wani zaure a Furfuri baɗi, in ina so, kuma maigidan bai je Makka ba, keke gare shi.

Asabar ƙarfe shida muka bar Bunguɗu. Bakwai saura kwata muna Gusau, muka sami fijo mai zuwa Funtuwa kai tsaye, naira ɗaya da sule biyu. Mun tsaya Tsafe minti goma Baba ya sayi hoce na sule ɗaya don Inna. A 'Yankara gorar tana ɗage, ɗan sandan na cin mangwaro, hannu kawai ya ɗaga mana. Sha ɗaya da kwata muka yi sallama a gida. Inna ta tambayi Baba ko na yi magana a can. Ya ce, "Sau ɗaya. Amma duk unguwa an ji."

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Bawa da maiɗakinsa, da masu masaukinmu na Tudun Wada, da Malam Audu da ya ba ni aron buroshinsa, da Baba Nomau, da Gwaggo, da Alhaji da bai ɗaga mini murya ba a gaban mutane. Wadda hanya ta bi da ita Bunguɗu a cikinku, ta tambayi gidan mai jirgi. Idan ta sami maigidan a waje, kada ta ce tana sauri.